BABI NA UKU: Tarihin Auna Lokaci da Lissafin Cikar Teku a Ingila

3.0 Gabatarwa

Wannan babi ya yi ƙoƙarin bin diddigin yadda matuƙan jiragen ruwa da masunta na ƙasar Ingila suka kai ga sanin lokaci daidai da kuma lissafin cika da janyewar teku. An zaɓi Ingila ne saboda tsibiri ce wadda abincinta da cinikinta da tsaronta suka dogara a kan teku, kuma a can ne aka yi mafi yawan gwaje-gwajen da suka warware waɗannan matsaloli biyu tsakanin shekarar 1687 da 1944. Babin zai nuna cewa matsalolin biyu tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin jadawalin cikar teku ba shi da amfani ga wanda agogonsa ba daidai yake ba.

3.1 Ma'anar Cika da Janyewar Teku

Bahaushe ya san kogi yana kawo ruwa da damina, ya janye da rani. Al'amarin teku ya sha bamban da wannan. A yawancin gaɓoɓin duniya, ruwan teku yakan hau tudu sau biyu ya kuma janye sau biyu a cikin kimanin awa 24 da minti 50. Ke nan tsakanin wata cika da mai bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25, kuma kowace rana cikar takan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta jiya. Larabawa suna kiran wannan hali maddu da jazru.

Girman cikar ba ɗaya ba ne a kullum. Takan fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma kwanakin da wata ya cika, wato wajen daren sha huɗu, sannan ta yi rauni idan wata ya kai rabi. Haka kuma ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Alal misali, a gaɓar Legas tazarar da ke tsakanin cika da janyewa ba ta cika wuce mita ɗaya ba, amma a bakin kogin Severn na Ingila takan kai wajen mita 14. Masuncin da ke irin wannan wuri dole ya san sa'ar fita da sa'ar komowa. In ya makara, ko dai kwalekwalensa ya kafe a cikin laka nesa da gaɓa, ko kuwa ruwa ya rutsa da shi a kan rairayi.

3.2 Sanin Mutanen Da

Tun kafin a gano dalilin cikar teku, mutane sun lura tana tafiya da wata. A shekarar 725 wani malamin majami'a a arewacin Ingila mai suna Bede ya rubuta cewa cikar tana bin wata, tana jinkiri kowace rana, kuma kowace gaɓa da nata lokacin. A ƙasashen Musulmi, masanin falaki Abu Ma'ashar al-Balkhi, wanda ya rasu a 886, ya yi dogon bayani a kan maddu da jazru a littafinsa al-Madkhal al-Kabir. An mayar da littafin zuwa Latinanci a ƙarni na 12, ya zama abin karatu a Turai. A ƙarni na 13 kuma aka rubuta wani jadawali a majami'ar St Albans wanda yake nuna lokacin cikar ruwa a gadar Landan bisa ga kwanan wata.

Sai dai wannan sani na ƙiyasi ne. Matuƙi yakan haddace sa'ar da ruwa ke cika a tasharsu ranar tsayuwar wata, sannan ya riƙa ƙara kusan minti 48 a kowace rana. Lissafin yakan kauce da awa guda ko fiye, kuma ba ya faɗin tsawon da ruwan zai kai. Dalilin abin bai fito fili ba sai a 1687, lokacin da Isaac Newton ya bayyana cewa ƙarfin janyowar wata da na rana ne ke ɗaga ruwan teku. Idan rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, ƙarfin biyu sai ya haɗu, cikar ta yi girma. Daga baya, wajen 1775, Bafaranshe Laplace ya nuna cewa zurfin teku da juyawar duniya su ma suna da hannu a ciki.

3.3 Matsalar Agogo a Tsakiyar Teku

Matuƙin da ya yi nisa da gaɓa yana iya sanin matsayinsa ta kudu da arewa idan ya auna tsayin rana da tsaka ko tsayin tauraron arewa. Sanin matsayinsa ta gabas da yamma shi ne ya gagara. Duniya tana juya digiri 360 a cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, digiri ɗaya a minti huɗu. Saboda haka idan matuƙi ya san lokacin inda yake ta hanyar rana, ya kuma san lokacin tashar da ya baro, bambancin biyun zai gaya masa nisan da ya yi. Kuskuren minti ɗaya a agogo daidai yake da kuskuren kusan kilomita 28 a tsakiyar duniya. Agogon wancan zamani kuwa mai lilo ne, wanda tangaɗin jirgi ke rikitawa, ga zafi da sanyi suna sauya tafiyarsa.

A watan Oktoba na 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu a ƙarƙashin Sir Cloudesley Shovell suka yi karo da duwatsun tsibiran Scilly da dare, mutum fiye da 1,400 suka halaka. Masana tarihi sun nuna cewa munanan taswirori da kuskuren lissafi iri-iri ne suka haɗu suka jawo haɗarin, amma ya ƙara fito da girman matsalar a idon jama'a. A 1714 majalisar dokoki ta yi doka ta sa ladan fam 20,000 ga duk wanda ya kawo hanyar sanin matsayin jirgi ba tare da kuskuren da ya wuce rabin digiri ba a tafiya zuwa tsibiran Karebiyan. Rabin digiri minti biyu ne na agogo. A tafiyar mako shida, wannan na nufin kada agogo ya kauce da fiye da kusan sakan uku a rana.

3.4 John Harrison da Agogonsa

John Harrison, wanda aka haifa a 1693, kafinta ne da ya koya wa kansa ƙirar agogo. Ya gama agogonsa na teku na farko a 1735, mai nauyin kimanin kilo 34, aka gwada shi a tafiya zuwa Lisbon ta ƙasar Fotugal a 1736. Bai gamsu da shi ba, ya ƙera na biyu da na uku, wanda ya ci masa kusan shekara 19. A 1759 ya kammala na huɗu, ɗan ƙarami mai faɗin santimita 13, mai kama da babban agogon aljihu. Ɗansa William ya tafi da shi Jamaika a ƙarshen 1761. Bayan kwana 81, da aka cire ɗan jinkirin da aka riga aka san yana yi kullum, sai aka tarar kuskurensa sakan biyar ne kawai. An sake gwada shi a tafiyar Barbados a 1764, ya sake cika sharaɗin dokar.

Duk da haka hukumar da ke kula da ladan ba ta biya shi duka ba. Hujjarta ita ce agogo ɗaya ba zai wadaci rundunar jirage ba, sai an tabbatar wasu maƙera za su iya yin irinsa. Akwai kuma wata hanya da take gogayya da tasa, wato auna tazarar wata da taurari, wadda Nevil Maskelyne ya sauƙaƙa da littafin lissafin da ya fara fitarwa domin shekarar 1767. Harrison ya kai kuka ga Sarki George na Uku, kuma a 1773 majalisa ta ba shi fam 8,750. Ya rasu a 1776. Kyaftin James Cook ya tafi da kwafin agogon, wanda Larcum Kendall ya ƙera a kan fam 450, a tafiyarsa ta 1772 zuwa 1775, ya kuma yaba da shi. John Arnold da Thomas Earnshaw ne suka sauƙaƙa ƙirar har farashin ya sauko. A 1831 jirgin Beagle ya tashi da irin wannan agogo har 22.

3.5 Jadawalin Cikar Teku

A daidai wannan zamani ake ta ƙoƙarin kyautata lissafin cikar ruwa. William Hutchinson, shugaban tashar jiragen Libaful, ya riƙa rubuta lokaci da tsawon kowace cika, dare da rana, daga 1764 zuwa 1793. Da taimakon bayanansa na farko ne 'yan'uwa biyu, Richard da George Holden, suka fara buga jadawalin Libaful a 1770. Jadawalin ya yi suna wajen daidaito, amma iyalin suka ɓoye hanyar lissafinsu a matsayin sirrin sana'a, ana gadonta daga uba zuwa ɗa.

Wannan ɓoyo ya fara ƙarewa ne bayan 1830. John Lubbock ya yi nazarin bayanan shekara 19 na tashar Landan ya kuma buga hanyarsa a fili. A 1831 aka kafa na'ura a Sheerness mai zana hawa da saukar ruwa da kanta a kan takardar da agogo ke juyawa. A 1833 hukumar sojan ruwa ta fara buga nata jadawalin. A wannan shekarar ce kuma aka kafa wata ƙwallo a saman cibiyar nazarin taurari ta Girinwich, wadda ake saki da ƙarfe ɗaya na rana daidai domin jiragen da ke kogin Thames su saita agogonsu. A 1835 William Whewell ya shirya aka auna cikar teku a lokaci guda a ɗaruruwan wurare a Turai da Amurka.

Babban ci gaba ya zo ne daga William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin. Daga 1867 ya nuna cewa ana iya rarraba cikar kowace tasha zuwa ƙananan kaɗawa masu yawa, kowace da nata tsayayyen lokaci, sannan a sake tara su domin a san abin da zai faru gaba. Wajen 1873 aka ƙera masa na'urar faya-fayai da waya mai tara kaɗawa goma, tana zana sakamakon da alƙalami. Arthur Doodson na cibiyar nazarin cikar teku ta Libaful, wadda aka kafa a 1919, ya tantance irin waɗannan kaɗawa har 388 a 1921. Shi ne kuma ya yi lissafin cikar ruwa a gaɓar Nomandi domin saukar sojojin ƙawance a Yaƙin Duniya na Biyu. Ana bukatar ranar da ruwa zai janye da asuba, yadda za a ga tarkunan da Jamusawa suka kafa a rairayi, sannan ya biyo da cika. Ranakun 5 da 6 da 7 ga Yuni 1944 ne suka dace, aka sauka ran 6.

3.6 Rabon Masunta

Idan aka yi la'akari da tsadar agogon teku, za a ga cewa ƙaramin masunci bai amfana da shi kai tsaye ba, kuma da ma sana'arsa ta kusa da gaɓa ce. Abin da ya iso gare shi shi ne jadawali mai araha da kuma lokaci guda na ƙasa baki ɗaya. A da kowane gari da nasa lokacin rana. A 1880 doka ta mayar da lokacin Girinwich na ƙasar duka, a 1884 kuma taron ƙasashe 25 a Washinton ya amince da layin Girinwich a matsayin mafarin awo. Daga 1924 gidan rediyon BBC ya fara watsa alamar lokaci, ta yadda mai kwalekwale zai saita agogonsa daga gida. A yau na'urar GPS, wadda ta dogara da agogon atom da ke cikin taurarin ɗan'adam, tana ba shi lokaci da matsayi a tare.

Sai dai samuwar ilmi ba ta kare wanda bai kai gare shi ba. A mashigin Morecambe, inda ruwa ke janyewa ya bar fili mai faɗin gaske sannan ya komo da sauri, tun ƙarni na 16 hukuma take naɗa ja-gora mai ƙetarar da mutane. A daren 5 ga Fabrairu 2004 cikar teku ta rutsa da wasu 'yan ƙasar Sin masu tsintar ƙumbar teku, aƙalla mutum 21 suka mutu. Baƙi ne da ba su san halin wurin ba, waɗanda masu ɗaukar su aiki suka tura cikin rairayi da yamma. A shekarar ce majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa masu samar da irin waɗannan leburori mallakar lasisi.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda sanin cikar teku ya taso daga ƙiyasin kwanan wata zuwa bayanin Newton, daga nan zuwa jadawalin Libaful da na'urar Kelvin. An kuma ga yadda agogon Harrison ya warware matsalar sanin matsayin jirgi, da yadda aka ɗauki shekaru kafin farashinsa ya sauko. Abin lura shi ne kowane mataki ya dogara ne a kan awon da aka daɗe ana rubutawa da agogo mai kyau, kuma amfaninsa bai game jama'a ba sai da aka daina ɓoye hanyar lissafi aka buga ta a fili. Haɗarin Morecambe ya nuna cewa bayan lissafi ya daidaita, akwai sauran aikin isar da shi ga mai shiga ruwa.