Darius Rucker: Daga Kiɗan Rok Zuwa Waƙar Kantiri

Yau na ɗan jingine maganar littattafai, zan kai mu Amurka mu leƙa tarihin wani mawaƙi da ya bar fagen da ya yi suna, ya koma ɗan koyo a wani fagen.

An haifi Darius Rucker a 1966 a birnin Charleston na jihar Karolina ta Kudu. A 1986 shi da abokansa uku na jami'a suka kafa ƙungiyar kiɗan rok mai suna Hootie & the Blowfish, shi ne mai jan baƙi. Faifansu na 1994, Cracked Rear View, ya haura kwafi miliyan 20 a Amurka kaɗai, ya kuma jawo musu kyautar Grammy biyu a 1996. Daga nan kasuwa ta fara ja da baya. A 2002 ya gwada fitowa shi kaɗai da salon R&B, abin bai karɓu ba.

Sai a 2008 ya nufi Nashbil, cibiyar waƙar kantiri, wato waƙar mutanen karkara irin ta su Don Williams da Dolly Parton. Kamfanin Capitol ya ɗauke shi. To, a nan gizo ke saƙar: Rucker baƙar fata ne, kantiri kuwa an daɗe ana kallonta a matsayin kayan Turawa. Rabon da baƙar fata, shi kaɗai, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri na mujallar Billboard tun Charley Pride a 1983.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya sauke girman kai. Mutumin da ya saba cika manyan filaye, sai ga shi yana bin gidajen rediyo ɗaya bayan ɗaya da jitarsa, yana gabatar da kansa tamkar sabon shiga. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa wasu masu tsara shirye-shirye sun gaya masa ƙiri-ƙiri masu sauraronsu ba za su karɓi baƙi a wannan waƙa ba. Cikin kakar shekarar, waƙarsa ta farko ta ɗare matsayi na ɗaya, wasu biyu daga faifan nasa, Learn to Live, suka bi sahu. A 2009 ƙungiyar CMA ta ba shi kyautar sabon mawaƙin shekara, yana da shekara 43, shi ne baƙar fata na farko da ya samu. A 2012 aka shigar da shi zauren Grand Ole Opry.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka baƙo ne ya yi sa'a. Banjo, wadda ke cikin ƙashin bayan wannan kiɗa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙiro ta, kuma dangin gurmi ce da molo. Kamfanonin faifai ne a shekarun 1920 suka raba kasuwa gida biyu, wannan na baƙaƙe, wancan na Turawan ƙauye, don sauƙin talla. DeFord Bailey, ɗaya daga taurarin farko na Opry, baƙi ne, kuma a 1941 aka sallame shi. Charley Pride ma sai da aka aika waƙoƙinsa na farko gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba.

Saboda haka a ganina Rucker gidan kakanninsa ya koma. Bayansa su Kane Brown sun shigo, a 2024 kuma Beyoncé ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman wannan jadawali.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan littafinmu. A huta lafiya.