Yadda ƴan ƙwadago suka zaɓi magajin garin Yamai na farko



Da yawa daga cikin ƴaƴan garinmu suna zaune a Yamai. Wasu lebura ne, wasu magina, wasu masu gadi, wasu kuma su ne ke sharar titi tun da asuba. Duk muna biyan kuɗin haya, masu tebur a kasuwa suna biyan haraji kullum. Amma in an tada zancen meri, sai mu ce wannan ba ruwanmu, mu baƙi ne, cin rani muka zo. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi abin da iyayenmu suka yi a wannan birni.

A shekarar 1926 Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kai Yamai. Lokacin nan ƙaramin gari ne na bukkoki a bakin kogi. Da aikin tilas aka gina ofisoshi da gidajen bariki, aka share hanyoyi. Ana ɗebo mutane daga ƙauyuka, ba wanda ke tambayarsu ko sun yarda. Bayan gobarar 1935 hukuma ta tashi talakawa daga inda suke, ta yanka masu fegi a kan tudu, ta ce su yi ginin ƙasa. Kumandan ne ke yanke komai: inda za a zauna, inda za a ci kasuwa, inda za a zuba shara.

Abubuwa sun fara sakewa bayan yaƙin duniya na biyu. A watan Afrilu 1946 aka soke aikin tilas. A watan Disamba 1952 Faransa ta kafa dokar aiki ta ƙasashen da take mulka, bayan ma'aikatan Afirka ta Yamma sun yi yajin aiki na gama-gari ranar 3 ga Nuwamba. Dokar ta ce aikin mako sa'a 40 ne, ta kuma yarda da sandika. Sai dai abin da ke cikin takarda ba ya shiga aljihun lebura sai an tsaya masa.

Cikin waɗanda suka tsaya har da Jibo Bakari. An haife shi a Sudure kusa da Yamai a 1922, ya tashi a Tawa, ya yi aikin koyarwa a Birnin Ƙonni da Agadas. Da ya rabu da jam'iyyar PPN-RDA, sai ya koma cikin ƙananan ma'aikata yana haɗa kansu: lebura, direbobi, magina, boyi-boyi, masu aikin lambu. Mafi yawansu ba su shiga lakwal ba, kuma da yawa baƙi ne kamarmu. Su ne ƙashin bayan jam'iyyar UDN da ya kafa a 1954, wadda daga baya aka sani da sunan Sawaba.

A watan Nuwamba 1955 wata doka ta ba wasu biranen Afirka damar zaɓen majalisarsu, ita kuma ta zaɓi magajin gari, ta tsara yadda za a kashe kuɗin birni. Yamai tana ciki. Dokar Yuni 1956 kuma ta ba kowane baligi, namiji da mace, damar jefa ƙuri'a. Da aka yi zaɓe a Nuwamba 1956, Jibo Bakari ne ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa. Ma'aikatan da ba a shawara da su a da, ƙuri'arsu ce ta kai shugaban sandikarsu meri.

Abin bai daɗe ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta ce a'a, ta faɗi. A 1959 aka hana jam'iyyar, Jibo ya yi gudun hijira. Daga nan aka shiga zamanin jam'iyya guda, sannan mulkin soja daga 1974. A zamanin Seyni Kunce samariya ce ke fitowa ta share unguwanni da magudanan ruwa, aikin gayya. Sai a watan Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a ƙasa baki ɗaya. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo.

Birnin kuwa bai tsaya jiran kowa ba. A 1960 mutanen Yamai wajen 30.000 ne, a ƙidayar 2012 sun wuce miliyan guda. An kafa SONUCI a 1962 don gina gidaje, amma gida na bashi sai mai albashin wata, wanda za a iya cire kuɗin daga albashinsa. Lebura da ɗan tebur sai haya, ko bukka a bakin gari inda ruwa ke kwanciya da damina, inda motar shara ba ta zuwa.

Ba mu kawo wannan labari don tada tsohuwar gaba tsakanin ƴan Sawaba da ƴan RDA ba. Cikin iyayenmu akwai na nan, akwai na can, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da muke so a riƙe shi ne ba su ɗauki kansu baƙi ba a garin da suka gina da hannunsu.

Saboda haka muna kira ga ƴan ƙungiyarmu mazauna birni: in kun biya harajin kasuwa, ku karɓi takarda. In kun sayi fegi, ku tabbata akwai takardar hukuma kafin ku aza tubali. In juji ya tare ƙofar unguwa, ku haɗu ku je wurin mai unguwa, daga nan ku wuce meri tare. Masu aikin shara da ke cikinmu su nemi sandikarsu su shiga, don ranar da albashi ya makara ko aka ji ciwo a bakin aiki, a sami mai magana.

Allah ya ba mu haɗin kai, ya sa damina ta yi albarka. Sai fitowa ta gaba.