Kuloci, Giya da Farfela: Abin da ke Kashe Su a Tarakta da A-kori-kura

Komai ƙarfin injin tarakta ko na a-kori-kura, sai ƙarfin ya bi ta wasu ƙarafa kafin ya isa taya: kuloci, akwatin giya, farfela a motar da ke da ita, sannan aksil na baya. A tarakta kuma akwai sandar PTO da ke juya injin sussuka ko famfon ruwa. Idan ɗaya daga cikinsu ya karye, inji zai ci gaba da ruri lafiya lau, amma aiki ya tsaya. Abin takaicin, yawanci a watan Yuni ko Yuli hakan ke faruwa, lokacin da manoma ke layin huɗa, ruwa kuwa ba ya jiran bakanike.

Waɗannan ƙarafa ba kasafai suke mutuwa farat ɗaya ba. Suna ba da alama tun da wuri, kuma ƙafar direba, lodin wuce kima da rashin mai su ne suka fi cin su.

Ƙasar da kake aiki a kai

A wajen Kazaure da Roni akwai tuddai da duwatsu. Garma na iya cin karo da dutse a ƙarƙashin ƙasa, girgizar kuma ta koma kai tsaye cikin giya. Ta wajen Babura yashi ya fi yawa, mota kan kafe, direba ya yi ta taka totur yana wasa da kuloci har ya ƙone. A fadama kuwa ruwa da laka ne ke shiga ta bakin sil su gurɓata mai.

Kuloci

Aikinsa haɗa inji da giya da kuma raba su. Faifansa na ƙarewa kamar takalmin birki. Abin da ke saurin cinye shi:

- Ɗora ƙafa a kan kuloci ana cikin tafiya. Ko kaɗan ka danna, faifan na gogawa yana zafi.
- Tashi da babbar giya alhali tirela na cike da taki ko buhunan gero.
- Riƙe mota a kan tudu da kuloci maimakon birki.
- Sakin kuloci da ƙarfi don fizge motar da ta kafe.

Alamominsa: ka taka totur inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, ko ka ji warin ƙuna, ko giya ta riƙa gurnani wajen shiga. Ka riƙa danna kulocin da hannu. Ya kamata ya ɗan yi wasa kafin ka ji ya yi tauri. In wasan ya ɓace, a saita shi bisa littafin motar tun faifan bai ƙone ba. A tarakta irin Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, sauya faifan kuloci sai an raba ta gida biyu, aikin da kan cinye maka yini ko fiye.

Akwatin giya da aksil

Da yawan tsofaffin taraktoci ba a yi su don sauya giya ana gudu ba. Ka tsaya, ka zaɓi giyar da ta dace da aikin, sannan ka tashi a hankali. Cusa giya da ƙarfi na fasa haƙoranta.

Ka duba man giya kowane mako a kan ƙasa mai shimfiɗa. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe a jikin notin zubar da mai, wani boris ko haƙori na cinyewa. A taraktoci da yawa mai ɗaya ne ke aiki a giya, aksil da na'urar ɗaga garma, don haka gurɓataccen mai ɓarna uku yake yi.

Kada ka yi kwana alhali makullin tayoyin baya na danne. A-kori-kura mai jan taya huɗu irin Hilux kuma, in ka fito daga yashi ka hau kwalta kamar titin Kano zuwa Daura, ka mayar da ita jan taya biyu, in ba haka ba ƙarafan za su yi ta murɗewa.

Farfela da sandar PTO

A gaɓoɓinsu akwai ƙaramin ƙarfe mai siffar gicciye, makanikai na ce masa kuros. Giris ne ransa. In ka ji "ƙwas" wajen tashi, ko mota na karkarwa a gudu, ka kashe inji ka girgiza sandar da hannu. In tana wasa, a sauya kuros ɗin. Kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da farfelar da ta tsinke a hanya. Kuros na PTO kuwa a sa masa giris kowace ranar aiki.

Sandar PTO na juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa. In ta kama babbar riga, rawani ko mayafi, babu damar janyewa. Kada a cire murfinta, kada a tsallaka ta, kada yara su matso wajen sussuka.

Wasu injuna na da wani noti da aka yi shi da gangan don ya tsinke in aiki ya sarƙe. In ya tsinke, ka sa irinsa. In ka maye gurbinsa da rodi ko noti mai tauri, nan gaba giyar ce za ta fashe a madadinsa.

Ga ƙungiyoyin manoma

Tarakta ta jama'a ta fi saurin lalacewa domin hannu da yawa ke taɓa ta. Ku tsayar da direba ɗaya ko biyu. Ku ajiye littafi na awannin aiki, ranar sauya mai da duk ƙarar da aka ji. In kuna biyan direba bisa yawan gonakin da ya huɗa kaɗai, zai yi gaggawa, kulocin ne zai biya. Ku ware wani abu daga kuɗin haya domin gyara.

Babban duba a yi shi a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka. In za ku je Ƙofar Ruwa a Kano sayen kaya, ku tafi da tsohon ƙarfen da lambar motar, ku tafi da bakanikenku. Ku riƙa ajiye kuros, sil, notin PTO da giris a shago, domin su ne ƙananan kayan da rashinsu ke kwantar da tarakta a tsakiyar damina.