Tarihin Tantance Mutum da Zanen Yatsu

Zanen yatsu shi ne tsarin layukan da ke fatar kan yatsa, wanda ke fitowa tun jariri yana ciki, kuma ba ya sauya fasali har tsufa. Tarihin amfani da shi wajen tantance mutane ya nuna cewa wahalar aikin kullum tana wajen adana zanen da kwatanta shi.

A 1858 William Herschel, jami'in mulkin mallakar Ingila a Bengal, ya sa wani ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa a takardar yarjejeniya. A 1880 likita Henry Faulds ya rubuta daga Tokyo a mujallar Nature cewa shatin yatsa zai iya tona asirin mai laifi, sannan Francis Galton ya fitar da littafinsa kan zanen yatsu a 1892. A shekarar ce 'yan sandan Ajantina suka warware shari'ar kisa da shatin yatsa mai jini a jikin ƙofa. Sai dai dangwale dubu ɗari a kabad aikin banza ne muddin ba a san yadda za a zaƙulo guda ɗaya ba. Wannan kullin Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka kwance a Kalkata, ƙarƙashin Edward Henry, inda suka karkasa zanen gida-gida. Ofishin zanen yatsu na Kalkata ya soma aiki a 1897, 'yan sandan Landan suka ɗauki tsarin a 1901, kuma abin takaici sunan Edward Henry kaɗai ya bi shi.

Da kwamfuta ta shigo, sai aka koma auna wuraren da layi ya tsaya da inda ya rabu biyu. Za a iya cewa tunda ba a taɓa samun mutum biyu masu zane ɗaya ba, ai kuskure ba shi da ƙofa. Amma mai bincike ba yatsa yake gani ba, shati ne rabi da rabi, sau da yawa a dame. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, hukumar FBI ta danganta wani shati da wani lauya ɗan Amurka, har aka tsare shi, kafin Sifaniya ta gano ainihin mai shi. Tun 2002 kuma Tsutomu Matsumoto na Jami'ar Yokohama ya nuna cewa yatsan bogi na jelatin yana yaudarar na'urori da dama.

Yau ana tara zanen miliyoyin mutane, daga shirin Aadhaar na Indiya zuwa lambar BVN da bankunan Najeriya suka soma a 2014, don haka bincike ya karkata ga tsaron rumbun da ake adana su. A 2015 an sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga wata hukumar gwamnatin Amurka, kuma wanda aka sace wa ba shi da damar canza yatsa yadda ake canza lambar sirri. Wasu masana na ganin mafita a bulokcen, wato kundin da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa, wanda ba a iya goge abin da aka rubuta. Hujjarsu tana da ƙarfi wajen nuna wanda ya taɓa bayanai da lokacin da ya taɓa. Sai dai rashin gogewar nan haɗari ne ga zanen kansa, domin abin da ya fallasa a can ya fallasa har abada. Shi ya sa aikin da ya fi ma'ana shi ne irin wanda masanan IBM suka gabatar a 2001: a jirkita zanen da lissafi kafin a adana, idan an sace a soke shi, a fitar da sabon jirkitaccen daga yatsa ɗaya.