Daga Hadda zuwa Hujja: Nazarin Dabarun Karatu ga Ɗaliban Paiko Masu Burin Zama Lauyoyi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dabarun karatu da suka dace da ɗalibin da ya taso a Paiko, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Paikoro a Jihar Neja, yana da burin zama lauya. An bi hanyar bitar rubuce-rubucen masana halayyar koyo, aka gwama su da tsarin karatun allo da na zaure, sannan aka auna duka da ma'aunin abin da jarrabawar shari'a ke nema. Maƙalar ta gano cewa hadda tana da gurbinta a karatun lauya, amma ba ta wadatarwa sai ɗalibi ya saba da ɗora ƙa'ida a kan rigima ta zahiri, a rubuce, cikin ƙayyadadden lokaci. An ba da shawarar dabaru biyar: gwajin kai, rarraba bita, warware matsala bisa matakai, bayyana doka da harshen gida, da halartar zaman kotu.

Muhimman kalmomi: karatun shari'a, hadda, tishe, gwajin kai, Paiko.

1.0 Gabatarwa

Paiko gari ne na manoma a kan hanyar Minna zuwa Suleja, daga nan ne kuma hanyar Lapai ta ratse. Akasarin mazaunansa Gbagyi ne, Hausa kuma ita ce harshen ciniki a kasuwarsa da ta yi suna wajen doya. Yaron da ya tashi a nan yakan mallaki harsuna biyu kafin ya iya Turanci, alhali da Turanci zai karanta doka, da shi zai rubuta jarrabawa, da shi kuma zai tsaya gaban manyan kotuna.

Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a 1976, ba baƙuwa ba ce a fagen shari'a. Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2007 zuwa 2009. Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta zama Babbar Jojin jihar daga 2013 zuwa 2016, kuma cibiyar nazarin shari'a da ke Minna tana ɗauke da sunanta. Saboda haka ɗalibin Paiko yana da waɗanda zai yi koyi da su. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: wane irin karatu ne zai kai shi inda suka kai?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Bincike ne na ɗakin karatu. An dogara da abubuwa uku: sakamakon gwaje-gwajen masana kan tunawa da mantuwa, tsarin horar da lauyoyi a Nijeriya, da wasu hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da aka yi amfani da su wajen gwada dabarun. Rigimar gona da za a kawo a sashe na 6 misali ce da aka tsara domin koyarwa.

3.0 Tsanin da Ɗalibi Zai Hau

Matakin farko shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, wadda hedikwatarta ma a Minna take, ciki har da Turanci da Adabin Turanci. Sai jarrabawar JAMB, inda gasa ke da zafi, domin Majalisar Ilimin Shari'a takan ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Digirin kansa shekara biyar ne, ko huɗu ga wanda ya shiga kai-tsaye da wata shaidar karatu. A jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, ɗalibi na iya haɗa dokar Bature da shari'ar Musulunci.

Bayan digiri sai Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda dokar 1962 ta kafa, ta fara da ɗalibai takwas a Legas a 1963, ta mayar da hedikwatarta Bwari a 1997, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Darussa biyar ake yi a can: ƙararrakin jama'a, ƙararrakin laifuka, dokar kadarori, dokar kamfanoni, da ɗa'ar aikin lauya. Shekara da shekaru makarantar ta yi tana yanke wa ɗalibi darajarsa ta ƙarshe bisa darasin da ya fi rauni a cikinsa. Darasin da ke cikin wannan a bayyane yake: mai zaɓen abin da zai karanta, ya bar wanda ya gundure shi, kansa yake yi wa tarko.

4.0 Abin da Masana Suka Gano

Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya sai ta lafa. Ma'ana, bitar da aka yi washegari ta fi wadda aka jinkirta zuwa makon jarrabawa daraja.

Roediger da Karpicke (2006) sun raba ɗalibai rukuni-rukuni a wata jami'a a Amurka. Wani rukuni ya yi ta maimaita karanta nassi har zama huɗu, wani kuma ya karanta a zama ɗaya, aka gwada shi sau uku ba tare da duba takarda ba. Bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa lamarin ya juye: waɗanda aka gwada sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Abin lura shi ne masu maimaitawar sun fi kowa amincewa cewa za su tuna. Ido ya saba da shafi, sai zuciya ta ɗauka ta iya.

Dunlosky da abokan aikinsa (2013) sun auna dabarun karatu goma. Biyu kaɗai suka samu babban matsayi: gwajin kai da rarraba bita a kan lokaci. Ja wa layi alƙalami mai launi da sake karanta littafi, waɗanda ɗalibai suka fi yi, sun faɗo ƙasa.

5.0 Gadon Makarantar Allo

Waɗannan sakamako ba baƙi ba ne ga wanda ya zauna gaban malam da allo. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo hadda da ka, fuskar allon tana kallon malam. Wannan shi ne gwajin kai. Gardi kuma yana da tishe: yakan koma baya kullum yana bitar abin da ya wuce, kada sabon karatu ya kori tsoho. Wannan shi ne rarraba bita. A makarantar zaure, ɗalibin fiƙihu yakan tashi daga Ahalari zuwa Ishmawi, Iziyya, Risala, har Muhtasar, malam na fassara masa jumla-jumla zuwa harshen gida. Masu sha'awar alƙalanci sukan ƙara da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda har yau ake kafa hujja da ita a kotunan shari'ar Musulunci.

Ɗalibin Paiko da ya bi ta wannan hanya ya riga ya mallaki rabin makamin, haka ma takwaransa Kirista da ya saba haddace ayoyi a coci. Kuskuren da akan yi shi ne ajiye wannan horo a ƙofar jami'a, a koma kwanan zaune a makon jarrabawa. Kuskure na biyu ya fi shi haɗari: ɗaukar doka tamkar nassin da za a juye wa malami yadda aka haddace. Tun da Christopher Langdell ya ɓullo da koyar da doka ta hanyar nazarin hukunce-hukunce a Harvard a 1870, tambayar jarrabawar shari'a ta zama labarin rigima, ana so ɗalibi ya ce wa ke da gaskiya, kuma me ya sa. Wanda ya haddace sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kan 'yancin a saurari mutum cikin adalci, amma ya kasa gane inda aka take shi a cikin labari, bai amsa tambaya ba.

6.0 Dabarun a Aikace

6.1 Gwajin kai

Bayan kowace lacca, ɗalibi ya rufe littafi, ya ɗauki farar takarda ya rubuta abin da ya riƙe, sannan ya buɗe ya cike giɓi da alƙalami mai wani launi. Kowace shari'a ya yi mata kati guda: sunanta da shekararta a gaba, a baya kuma abin da ya faru, batun da aka yi jayayya a kai, da dalilin hukunci. Katin shari'ar Madukolu da Nkemdilim (1962), alal misali, zai ɗauki sharuɗɗan da sai sun cika kotu ke da hurumin sauraron ƙara. Kati ba ya bukatar caji ko data, kuma yana shiga aljihu a motar Paiko zuwa Minna.

6.2 Tishen doka

A koma wa kowane darasi washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. A kuma cakuɗa darussa a zama ɗaya, domin rigima ba ta zuwa wa lauya da lakabi a goshinta. Ga ɗan manomi da damina ke cinye masa hantsi, sa'a ɗaya bayan asuba kowace rana ta fi kwana biyu na ido biyu albarka.

6.3 Warware matsala bisa matakai huɗu

Matakan su ne: gano batu, kawo ƙa'ida, ɗora ta a kan abin da ya faru, yanke matsaya. Ga misali. Wani dattijo ya ba maƙwabcinsa aron gona shekara 25 da suka wuce. Kowace kaka maƙwabcin kan kai masa ƙwaryar doya. Duka biyun sun rasu. Ɗan mai aro ya daina kai doyar, ya samo takarda daga ƙaramar hukuma, ya ce gonar ubansa ce, tunda shi ya tashi ya gan shi yana noma ta.

Ɗalibin hadda zai zayyano hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa da Kotun Ƙoli ta jera a shari'ar Idundun da Okumagba (1976): tarihin gado, takardu, ayyukan mallaka masu yawa na tsawon lokaci, daɗewar riƙo, da mallakar filin da ke maƙwabtaka. Daga nan sai ya ajiye alƙalami. Ɗalibin hujja kuwa daga nan aikinsa ke farawa. Zai tambaya: riƙon shekara 25 da aka fara da izinin mai gona zai iya zama mallaka? Mece ce ma'anar ƙwaryar doyar nan, kyauta ce ko amincewa da cewa gonar tana da mai ita? Wa zai ba da shaidar ana kai ta? Zai duba sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wanda ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya a wajen birane, sannan ya kawo shari'ar Ogunleye da Oni (1990), inda aka nuna cewa takarda ba ta gyara tushen mallaka idan tushen ruɓaɓɓe ne. Zai ƙara da Abioye da Yakubu (1991), inda kotu ta ce dokar 1978 ba ta share haƙƙin mai ƙasa na gargajiya a kan wanda ya ba wuri ba. A ƙarshe zai juya ya tsaya a matsayin lauyan ɗaya ɓangaren, ya nemo inda hujjarsa ke yoyo. Makin jarrabawa a wannan ɗorawar yake taruwa, nasarar ƙara ma haka.

Irin wannan atisaye a riƙa yin sa sau biyu a mako, da agogo a gefe, minti 40 ga kowace tambaya. Abokan karatu uku ko huɗu sun isa: ɗaya mai ƙara, ɗaya mai kare kai, ɗaya alƙali.

6.4 Harsuna biyu, fahimta ɗaya

Ɗalibi ya gwada bayyana wa mahaifiyarsa bambancin sata da cin amana, kamar yadda Kundin Final Kod na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya rarrabe su, da Hausa ko Gbagyi. In ya kasa, bai gane ba tukuna. In ya iya, sai ya koma ya rubuta bayanin da Turanci a sakin layi guda. Fassarar zaure ke nan aka yi wa kwaskwarima, kuma ita ce aikin da zai yi ta yi tsakanin manomi da kotu har ya yi ritaya.

6.5 Zaman kotu

Gani ya kori ji. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, daga kotun majistare da ta shari'ar Musulunci har Babbar Kotun Jiha a Minna. Wanda ya ga yadda ake karanta tuhuma, ake neman beli, ake yi wa mai shaida tambayoyin ƙure, zai karanta Dokar Shaida ta 2011 yana ganin fuskoki a bayan kowane sashe. Ya tafi da littafi, ya rubuta batun da aka yi gardama a kai, in ya koma gida ya nemo dokar.

7.0 Kammalawa da Shawarwari

Nazarin ya nuna cewa dabarun da gwaje-gwajen zamani suka tabbatar sun daɗe a makarantar allo da sunan hadda da tishe. Abin da karatun lauya ya ƙara a kai shi ne ɗora nassi a kan rigima. Bisa haka ana ba da shawarar makarantun sakandaren Paikoro su ƙarfafa muhawara da rubutun insha'i, malaman Adabin Turanci su sa ɗalibai karanta littattafan gaba ɗaya maimakon taƙaitawa, lauyoyin Minna kuma su riƙa karɓar ɗalibai a ofisoshinsu lokacin hutu. Akwai bukatar wani bincike na fili da zai auna yadda ɗaliban yankin ke karatu a zahiri.

Ga ɗalibin kansa, ma'aunin ci gabansa ba yawan shafukan da ya karanta ba ne. Ya ƙirga tambayoyi nawa ya amsa littafi a rufe, da rigingimu nawa ya warware a rubuce. Rigingimun kuwa ba sai ya je nesa ba: iyakar gona, bashin doya da rabon gado suna nan a ƙofar gidansu.