Bayani kan sankarar maƙogwaro: alamunta, haɗarinta da yadda ake jinyarta

Sankarar maƙogwaro, wadda wasu ke kira ciwon dajin maƙogwaro, na daga cikin cututtukan da ake iya warkarwa idan aka gano su da wuri. Sai dai kuma alamunta na farko sun yi kama da na mura, abin da kan sa masu fama da ita su shafe watanni ba su je asibiti ba.

Alƙaluman cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na ƙasar Faransa, sun nuna cewa a shekarar 2022 mutane kimanin 500,000 ne suka kamu da nau'o'in wannan cuta a duniya, kuma fiye da 250,000 suka rasu sanadiyyarta. Maza sun fi mata kamuwa da ita nesa ba kusa ba.

Mece ce sankarar maƙogwaro?

Sunan dai ya ƙunshi cututtuka da dama, gwargwadon wurin da tsiron ya fito.

Akwai wadda kan fito a sashen da ke bayan hanci. Akwai ta tsakiya, wadda kan kama tushen harshe, da bayan ganda, da kuma tsokar nan biyu da ke gefen maƙogwaro. Akwai ta ƙasa, dab da mashigar abinci. Sai kuma ta akwatin murya, wanda ke bayan zakaran wuya, inda jijiyoyin da ke fitar da sauti suke.

Ta akwatin murya ita ce ta fi yawa, domin a shekarar 2022 an samu mutane kusan 189,000 da suka kamu da ita. Ta bayan hanci ce ke biye da kimanin mutane 120,000.

Galibi cutar kan fara ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin maƙogwaro. Ƙwayoyin halittar wurin kan lalace, su riƙa hayayyafa ba kai ba gindi, har su zama tsiro. Daga nan sai ta bazu zuwa kaluluwar wuya, kafin ta isa huhu ko ƙashi.

Wannan cuta daban take da maƙoƙo, wanda akasari ƙarancin sinadarin aidin ke haddasawa.

Me ke jawo ta?

Taba ce kan gaba. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa sankara. Duk zuƙar da mutum ya yi sai ta bi ta kan jijiyoyin murya kafin ta kai huhu.

Haka nan shisha, wadda ta samu karɓuwa a tsakanin matasa, ba ta fita daga wannan sahu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ruwan da ke cikin tukunyar ba ya tace gubar da ke cikin hayaƙin.

Barasa ita ce ta biyu, kuma idan ta haɗu da taba haɗarin kan ninka sau da yawa.

To amma kuskure ne mutum ya ɗauka cewa tun da bai taɓa shan taba ko barasa ba, cutar ba za ta same shi ba. Akwai ƙwayoyin cuta biyu da ke da hannu a cikinta.

Ta farko ita ce HPV, wadda kuma ita ce ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma ana ɗaukarta ne ta hanyar saduwa. A Amurka hukumomin lafiya sun ƙiyasta cewa ita ke jawo kashi 70 cikin ɗari na sankarar tsakiyar maƙogwaro.

Ta biyu ita ce Epstein-Barr, wadda aka gano a shekarar 1964. Kusan kowane baligi na ɗauke da ita ba tare da ta yi masa illa ba, amma a jikin wasu ƙalilan takan taimaka wajen haifar da sankarar bayan hanci. Wannan nau'i ya fi yawa a kudancin Sin, da kudu maso gabashin Asiya, da arewacin Afirka, kuma yakan kama har da matasa.

Sana'a ma na da nata tasirin. Shaƙar ƙurar katako na tsawon shekaru na da nasaba da sankarar bayan hanci, yayin da ƙurar asbestos ke da nasaba da ta akwatin murya.

Alamun da ya kamata a lura da su

Babbar alama ita ce dishewar murya. Tsiro ɗan ƙarami a kan jijiyar murya ya isa ya sauya sautin mutum, don haka cutar kan tona kanta tun tana ƙarama. Likitoci na cewa duk dishewar da ta wuce mako uku ba ta tafi ba, to a je a duba.

Sauran alamun sun haɗa da wahalar haɗiya ko jin zafi yayin haɗiya, da jin kamar wani abu ya maƙale a wuya, da ƙululu a wuya wanda ba ya zafi kuma ba ya sacewa, da ciwon kunne ɗaya, da tari mai jini, da rama ba dalili.

Ita kuwa ta bayan hanci takan zo da toshewar hanci, da haɓo, da toshewar kunne ɗaya.

Idan numfashi ya fara fita da ƙara ko da ƙyar, alama ce cewa hanyar iska ta soma toshewa, kuma wajibi ne a garzaya asibiti nan take.

Akasarin masu irin waɗannan alamu ba sankara ke damunsu ba. Tarin fuka ma kan kama akwatin murya ya dishe ta. Bincike ne kaɗai ke bambancewa.

Jinkiri da illarsa

A ƙasar Hausa wanda ciwon wuya ya dama yakan fara da maganin mura daga kemis, sannan jiƙe-jiƙe, wani kuma a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Cire beli ba ya taɓa tsiron, kuma yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Akwai kuma maganar da ta yaɗu cewa wai daji ba ya son ƙarfe ko allura. Wannan imani ya sa wasu ke ƙin yarda a yanki ɗan naman wurin domin gwaji, alhali wannan gwajin ne kawai ke tabbatar da cutar, kuma ba ya sa ta bazu.

Bambancin da jinkiri ke kawowa babba ne. Idan aka gano sankarar jijiyar murya a matakin farko, kimanin mutum tara cikin goma kan warke, kuma da muryarsu. Idan kuwa ta riga ta bazu zuwa sassan jiki masu nisa, akasari sai dai a rage wa majiyyaci raɗaɗi a kuma tsawaita kwanakinsa.

Bincike da magani

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro kan zura wani siririn bututu mai fitila ta hanci domin ganin wurin. Aikin 'yan mintoci ne, kuma akan fesa maganin kashe zafi tukuna. Idan ya ga abin da bai yarda da shi ba sai a ɗebi nama a gwada, a kuma ɗauki hoton wuya da ƙirji don sanin matakin da cutar ta kai, daga na ɗaya zuwa na huɗu.

Hanyoyin magani uku ne. Akwai tiyata, akwai gashi da na'ura, wanda akan yi kwana biyar a mako har tsawon mako shida zuwa bakwai, sai kuma magunguna masu ƙarfi irin su cisplatin da ake sawa ta jijiya. Sau da yawa akan haɗa biyu ko ukun.

Idan tsiron ya girma, akan cire akwatin muryar baki ɗaya, aikin da likita Theodor Billroth ya fara yi a birnin Vienna a shekarar 1873. Wanda aka yi wa wannan aiki zai riƙa numfashi ta wata ƙofa a gaban wuyansa har ƙarshen rayuwarsa, amma yana iya sake koyon magana da taimakon ɗan bututu ko wata na'ura da ake ɗorawa a wuya.

A Najeriya, asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da babban asibitin ƙasa na Abuja na cikin wuraren da aka kafa sassan gashi, akwai kuma cibiyar kula da cututtukan kunne da hanci da maƙogwaro ta ƙasa a Kaduna. A Nijar, an soma aikin gashi a birnin Yamai a shekarar 2021. Sai dai na'urorin sun yi wa jama'a kaɗan, ga tsada, ga nisan tafiya.

Kula da majiyyaci

Gashi kan busar da baki, ya sa gyambo a maƙogwaro, ya kuma gusar da ɗanɗano. Saboda haka majiyyaci na bukatar abinci mai laushi kuma mai gina jiki, kamar kunun gyaɗa, da nono, da ƙwai, da fate, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, ba tare da yaji ba. Idan haɗiya ta gagara akan sa bututun abinci na ɗan lokaci.

Ana son likitan haƙori ya duba bakin kafin a fara gashi. Yana da muhimmanci kuma kada a tsallake ranakun gashi, domin katsewa na rage ƙarfin maganin.

Rashin murya kan jefa mutum cikin kaɗaici, musamman malami ko ɗan kasuwa da sana'arsa ta dogara ga magana. Ya kamata iyali su sani cewa ba a ɗaukar sankara ta hanyar cin abinci tare ko zama wuri ɗaya.

Rigakafi

Barin taba shi ne mataki mafi girma. Bincike ya nuna cewa cikin shekara biyar zuwa goma da dainawa, ƙarin haɗarin kamuwa da cutar kan ragu da rabi.

A watan Oktoban 2023 ne Najeriya ta shigar da allurar rigakafin HPV cikin jerin alluran da take bayarwa kyauta, ga 'yan mata masu shekara tara zuwa 14. Birtaniya kuwa tun a shekarar 2019 ta fara yi wa yara maza, domin kare su daga cututtukan da ƙwayar ke haddasawa, ciki har da sankarar maƙogwaro.