Daga kofin rufe baki zuwa cajar USB-C: wa ke da ikon jona kaya a layi?

Tun daga ranar 28 ga Disamba 2024, duk sabuwar wayar hannu da za a sayar a ƙasashen Tarayyar Turai dole ta zo da bakin caji iri ɗaya, wato USB-C. Kamfanin Apple, wanda ya daɗe yana cewa dokar za ta daƙile ƙirƙira, bai ma jira wa'adin ya cika ba, tun Satumban 2023 ya fito da iPhone 15 da wannan baki. Akwai kuma wata dokar ta Turai da ta fara aiki a kan manyan kamfanonin intanet a Maris 2024, wadda ta ce dole WhatsApp da Messenger su buɗe ƙofa ga sauran manhajojin tura saƙo idan sun nema.

Na ga wasu abokai a nan suna cewa Turawa ƙoshi ne ya yi musu yawa, shi ya sa har igiyar caji suke yi wa doka. Ni kuwa a ganina maganar ta wuce caja. Tsohuwar rigima ce da ta haura shekara 100, kuma a kan tambaya ɗaya take: idan kamfani ya shimfiɗa hanyar da kowa ke bi, shi kaɗai zai yanke wanda zai hau ta? Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, mu koma Amurka, inda aka fara wannan dambe.

A shekarar 1876 Alexander Graham Bell ya karɓi takardar mallakar fasahar wayar tarho. Shekara 17 zuwa 18 kamfaninsa yana cin karensa ba babbaka. Da wa'adin takardun ya ƙare a 1893 da 1894, sai dubban ƙananan kamfanoni suka ɓullo, musamman a ƙauyuka da ƙananan garuruwan da Bell ya raina. Har manoma sun riƙa haɗa kuɗi suna ja wa kansu layi. Zuwa 1907, kusan rabin wayoyin Amurka na waɗannan ƙananan kamfanoni ne.

Sai dai fa akwai matsala. Kamfanin Bell, wanda uwarsa ita ce AT&T, ya ƙi yarda a haɗa layinsa da na kishiyoyinsa. In kana kan wani kamfani, ba za ka iya kiran maƙwabcinka da ke kan Bell ba, kuma ba ka da hanyar kiran garuruwa masu nisa, domin manyan layukan nesa a hannun AT&T suke. Ɗan kasuwa a gari mai kamfani biyu sai ya ajiye tarho biyu a kan teburinsa, ya biya kuɗi biyu. Duk wanda ya taɓa yawo da waya biyu ko uku a aljihu a ƙasar nan ya san wannan ciwo.

A 1907 Theodore Vail ya karɓi ragamar AT&T. Mutum ne mai hangen nesa, kuma hujjarsa tana da nauyi: tarho ba shi da amfani sai kowa na iya kiran kowa, saboda haka a bar tsari ɗaya a hannun kamfani ɗaya. Rabin farko na maganarsa gaskiya ne. Rabin na biyu kuwa son kai ne, domin kamfanin da yake nufi nasa ne. Ya shiga saye ƙananan kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, har gwamnati ta fara shirin maka shi a kotu. A Disamban 1913 mataimakinsa Nathan Kingsbury ya rubuta wa ministan shari'a wasiƙa, inda AT&T ya yarda ya saki kamfanin telegiram na Western Union, ya kuma bar ƙananan kamfanoni su jona layukansa na nesa. Ƙofa ta ɗan buɗu, amma mai gidan bai canza ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki. Shekaru da dama Ba'amurke ba shi da ikon mallakar tarhon da ke cikin ɗakinsa. Haya yake yi daga kamfani, kuma masana'antar kamfanin, Western Electric, ita ke ƙera shi. Dokar kamfani ta haramta maƙala wa layi duk wani abu da ba nasu ba. In an kama ka, a yanke maka layi. Hujja? Wai don kare lafiyar layin da ingancin murya.

To, akwai wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Hush-A-Phone da ke sayar da wani abu kamar kofi. Ana kifa shi a bakin tarho don mutum ya yi magana na kusa da shi bai ji ba. Ba wuta a jikinsa, ba ko igiya ɗaya. Amma AT&T ya ce wannan kofi barazana ne. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta shafe shekaru tana nazari, daga ƙarshe a 1955 ta goyi bayan AT&T. Sai a 1956 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta ce mutum yana da damar amfani da tarhonsa yadda zai amfane shi matuƙar bai cutar da jama'a ba. Jama'a, a kan kofi fa aka yi wannan shari'a.

Bayan shekara 12 sai ga Thomas Carter, mutumin Texas, da na'urarsa Carterfone. Aikinta ta haɗa rediyon oba-oba da layin tarho, yadda ma'aikacin rijiyar mai da ke can daji zai iya magana da ofis ko gida. AT&T ya sake yi wa masu amfani da ita barazanar yanke layi. A watan Yunin 1968 FCC ta yanke cewa kowa na iya jona na'urarsa a layi in dai ba za ta lalata shi ba. AT&T bai saduda ba, sai ya ce to kowa ya yi hayar wani akwatin kariya daga wurinsa kafin ya jona. A tsakiyar shekarun 1970 hukumar ta toshe wannan kafa: ta wallafa ƙa'idojin da na'ura za ta cika, ta kafa rajista, aka kuma samu ɗan soket ɗin nan iri ɗaya da tsofaffin wayoyin tebur ke amfani da shi. Duk wanda kayansa suka cika ƙa'ida, ya shigo kasuwa.

Me aka samu? Na'urar amsa kira, da faks, da tarho mara igiya, da kuma wanda ya fi su duka, modem, na'urar da ke sa kwamfuta ta yi magana ta layin tarho. A 1978 wasu mutum biyu a Chicago suka buɗe allon saƙonni na kwamfuta na farko da ake shiga ta kiran waya. A 1981 kamfanin Hayes ya fito da modem ɗin da sauran kamfanoni suka riƙa kwaikwayo. Da intanet ta fito fili a shekarun 1990, ta wannan layin tarho ta shiga gidajen mutane. Abin lura a nan shi ne, duk waɗanda suka yi muhawara a kan Carterfone a 1968 babu wanda ya hango wannan. Rediyon ma'aikatan mai suke magana a kai. Amfanin buɗe ƙofa yawanci daga inda ba a zata yake zuwa, shi ya sa mai gida ke samun sauƙin cewa babu buƙatar a buɗe.

Kada mu zalunci AT&T. Ɗakin bincikensa, Bell Labs, shi ya ƙirƙiro turanzista a 1947, kuma a can aka fara Unix a 1969. Kamfani ne mai ƙwararru na gaske. Amma da Paul Baran ya kawo musu tunanin yanka saƙo gunduwa-gunduwa a tura ta hanyoyi daban-daban a farkon shekarun 1960, tunanin da intanet ta ginu a kansa, injiniyoyinsu watsi suka yi da shi. Mai cin riba da tsohon tsari da wuya ya haifi abin da zai kashe shi. A 1974 gwamnatin Amurka ta shigar da ƙara, a 1982 aka sasanta, a ranar 1 ga Janairun 1984 aka raba AT&T da kamfanonin yankuna guda 7, aka kuma wajabta ba kishiyoyi irin su MCI damar jona layi daidai da kowa. Kuɗin kiran nesa ya yi ta sauka.

Ita kanta intanet wannan darasi ne aka mayar da shi tubali. Vint Cerf da Bob Kahn sun wallafa tsarin TCP a 1974 don hanyoyin sadarwa mabambanta su fahimci juna, kuma ba wanda ke biyan kuɗin amfani da shi. A ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar CERN ta saki fasahar shafukan yanar gizo kyauta ga duniya. Kamfanoni irin su CompuServe da AOL, da suka fara da killace masu amfani da su a cikin katanga, dole suka buɗe. Shi ya sa yau mai Gmail yake aika wa mai Yahoo wasiƙa ba tare da ya yi tunani ba, amma mai WhatsApp ba ya iya aika wa mai Telegram ko gaisuwa. Ba wai fasahar ce ta gagara ba, tsarin kasuwanci ne.

Mu a nan mun ɗanɗana duka biyun. GSM da muke amfani da shi yarjejeniya ce da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a 1987 don a yi ƙa'ida ɗaya. Saboda ita ce sim ɗinka yake aiki a Nokia, ya yi a Samsung, ya yi a Tecno. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisi a Najeriya a kan dala miliyan 285 kowanne, a lokacin layukan tarho da ke aiki a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Masu shekaruna sun tuna naira 50 a minti, da yadda kira daga wani layi zuwa wani yake zama kamar neman ruwa a rani. Dokar sadarwa ta 2003 ta wajabta haɗa layuka, a shekarar kuma Glo ya shigo da cajin kira bisa daƙiƙa, sauran suka bi. A ranar 22 ga Afrilun 2013 aka fara ba mutum damar sauya kamfani ya tafi da lambarsa.

Haka a banki. Tun da NIBSS ta fito da tsarin tura kuɗi nan take a 2011, kuɗi ke fita daga wannan banki su faɗa wancan cikin daƙiƙoƙi. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mun ga yadda mai shayi da mai tsire suka koma karɓar taransifa ta OPay da Moniepoint da PalmPay. Da a ce manyan bankuna ne ke da ikon cewa wane ya jona, wane kada ya jona, wallahi da waɗannan ƙananan ba su kai labari ba.

Amma kada a ɗauka abin duk zuma ne. Ƙofar da aka buɗe wa baƙo, ɓarawo ma yana ganinta. Wasiƙun damfara sun cika imel saboda kowa na iya aikawa. Saurin taransifa ya sauƙaƙa wa 'yan damfara kwashe kuɗi su rarraba kafin a farga. Masana tsaro da dama suna da damuwa ta gaskiya a kan yadda za a haɗa WhatsApp da wasu manhajoji ba tare da sirrin saƙo ya yi rauni ba. Kuma ƙa'ida ɗaya tana iya daskarewa ta hana sabuwa fitowa. Sai dai tarihin da na kawo ya nuna mafita: a rubuta ƙa'idar tsaro a fili, a gwada kowa da ma'auni ɗaya, kuma alƙalin kada ya zama ɗaya daga cikin 'yan wasa. AT&T ma da sunan tsaro ya yaƙi kofi.

Inda abin ya fi shafarmu, mu ma'aikatan gwamnati, shi ne wajen kwangila. Sau nawa aka ɗauki hoton yatsun ɗan Najeriya? Katin ɗan ƙasa, BVN, katin zaɓe, lasisin tuƙi, fasfo, rajistar sim. Kowa da rumbunsa, kuma an daɗe ana faman haɗa su. A ƙananan matakai ma haka ne: a ba ɗan kwangila aikin manhajar albashi ko ta haraji ko ta asibiti, ya zuba bayanan jama'a a tsarin da shi kaɗai ya san makullinsa. Ranar da aka so sauya shi, sai a tarar bayanan gwamnati sun zama garkuwa a hannunsa, ko a biya abin da ya yanka ko a fara daga farko. Matasanmu masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Jos kuma ba su da ta inda za su shigo, komai iyawarsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a takardar kwangila ya kamata a rubuta abu uku: bayanan na gwamnati ne da jama'a, za a iya fitar da su a tsarin da kowace manhaja ke karantawa, kuma hanyar jonawa a rubuce take ga duk wanda ya cika sharuɗɗan tsaro. Layi uku ne kacal, amma Amurkawa sun shafe daga 1913 zuwa 1984 suna shari'a kafin su ƙwato irinsu daga hannun kamfani ɗaya.

Masu aiki a ɓangaren sayen kaya da na kwamfuta a cikinku, ina so in ji daga gare ku: a kwangilar ƙarshe da ta bi ta teburinku, akwai wannan sharaɗi? Allah Ya sa mu dace.